Yadda ma'aikacin lafiya zai ƙwato kuɗin obataim da albashin da aka riƙe masa a Najeriya

A asibiti agogo ba ya tashin mutum daga aiki, sai wanda zai canje shi ya iso. Ungozomar da ta kwana a dutin dare, idan gari ya waye mai karɓarta ba ta zo ba, ga mace a kan gwiwa, ba za ta ɗauki jakarta ta kama hanyar gida ba. Za ta tsaya har a sauka lafiya, ta gyara jariri, ta rubuta rahoto, ta fita ƙarfe sha ɗaya maimakon takwas. Haka mai gwajin jini, haka direban motar asibiti, haka mai shara a ɗakin tiyata. Waɗannan awanni suna taruwa wata bayan wata, kuma sau da yawa babu sisin kwabonsu a albashi. Wani wurin ma albashin kansa sai ya yi wata uku ana cewa a ƙara haƙuri.

Da yawa daga cikinmu in abin ya kai su bango sai su ce Allah ya isa, su bar wurin. Neman haƙƙi ba rashin tawakkali ba ne, kuma hadisi sananne ne cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Sai dai akwai abu guda da ya kamata a sani tun daga farko, domin komai a kansa ya rataya: dokar Najeriya ta san da obataim, wato awannin da aka yi sama da lokacin aiki, amma ba ta yanka masa farashi ba. Abin da za ka iya karɓa ya dogara ne kan takardar da ta ba ka haƙƙin da kuma shaidar awannin da ka yi. Wanda ya riƙe waɗannan biyun yana da ƙarfi ko a gaban wa. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Mataki na farko: ka san layin da doka ta ajiye ka

Babbar dokar ita ce Dokar Ƙwadago, wadda aka kafa a 1974, take kuma cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Sashe na 13 ya ce awannin aiki na yau da kullum su ne waɗanda aka tsayar ta yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko ta ciniki da ƙungiyar ƙwadago, ko ta hukumar tsara albashi. Duk awan da aka sa mutum ya yi sama da waɗannan, obataim ne. Sashen ya ƙara da cewa wanda ya yi awa shida ko fiye a rana yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, kuma a kowane kwana bakwai yana da hutun awa 24 a jere. In an ci masa wannan hutun, ko dai a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi da farashin obataim. Sashe na 15 kuma ya hana a wuce wata guda ba a biya albashi ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Sashe na 91, wurin da aka fassara wane ne ma'aikaci a idon wannan doka, ya fitar da masu aikin gudanarwa da na shugabanci da na fasaha da na ƙwararru. Ma'ana, likita da nas da ungozoma da mai harhaɗa magunguna da masanin gwaje-gwaje ba kasafai ake lissafa su a ƙarƙashinta kai tsaye ba. Mai shara, mai tura gadon marasa lafiya, maigadi, direba, mai wanki, mai yanka kati, su ne dokar ta rungume sosai.

Kada ƙwararre ya karanta wannan ya karaya. Ba a ce ba ka da haƙƙi ba. Haƙƙinka yana cikin takardar ɗaukarka aiki, da littafin ƙa'idojin ma'aikata na asibitin, da yarjejeniyar ƙungiyarku, da sakular gwamnati, wato takardar umarninta, in kai ma'aikacinta ne. Sannan sashe na 254C na tsarin mulki ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba duk wani zalunci a wurin aiki, ta kuma auna shi da abin da aka amince da shi a duniya. Albashin da aka yi aikinsa bashi ne a kan mai asibiti, ko wace irin riga ma'aikacin ke sawa.

Sai maganar mafi ƙarancin albashi. Tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata. Amma dokar ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya da kamasho. Ƙananan asibitocin kuɗi na unguwa da yawa suna fakewa a nan. Ka ƙirga ma'aikatan wurinku da kyau, har da masu gadi da masu shara da na reshen da ke wata unguwa in kamfani ɗaya ne, kafin ka yarda cewa dokar ba ta shafe ku ba.

Mataki na biyu: nemo takardar da ta ba ka haƙƙin

In a asibitin kuɗi kake, fara da takardar ɗaukar aiki. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci bayanin sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce da kama aiki: albashi nawa, yadda ake lissafa shi, yaushe ake biya, awa nawa, hutu nawa, wa'adin sallama nawa. Ka karanta taka da biro a hannu. Abu uku kake nema: awannin aiki a mako, abin da aka ce game da aikin da ya wuce su, da jerin alawus-alawus. In ka ga an rubuta cewa albashin ya haɗa da duk wani ƙarin aiki, ka san da'awar obataim za ta yi wuya, sai dai ka karkata ga hutun mako da aka ci maka da kuma albashin da ba a biya ba.

Mutane da yawa ba su da takarda sam. An ce musu "zo ka fara ranar Litinin", shi ke nan, shekara biyu ta wuce. Wannan ba ya soke aikin. Yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce, kuma ana tabbatar da ita da katin shaidar ma'aikaci, da sunanka a rosta, da alat ɗin banki mai shigowa da adadi ɗaya kowane wata daga asusun asibitin. In har yanzu kana wurin, ka nemi takardar cikin ladabi, a rubuce. In kuma an taɓa biyan obataim a baya, ko sau biyu ne, ka nemo shaidar wannan biyan, don ita ce za ta nuna farashin da asibitin ya saba bayarwa.

Ma'aikacin gwamnati lamarinsa daban. A asibitocin tarayya, wato asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya, likitoci suna kan tsarin albashi na CONMESS, sauran ma'aikatan lafiya suna kan CONHESS. Hukumar Kula da Albashi ta Ƙasa ce ta fitar da su biyun a 2009. A nan ba a cika biyan ƙarin aiki awa-awa ba, ana biyansa ne ta hanyar alawus: na kol ga wanda ake kira ko yake kwana a bakin aiki, na shif ga masu karɓa-karɓa, na haɗari, na koyarwa, na aikin karkara. Kowanne yana da jadawalinsa gwargwadon matakin albashi. Alawus ɗin haɗari ya daɗe a naira 5,000 a wata kafin a ɗaga shi a Disambar 2021, kuma an yi ƙarin kashi 25 da kashi 35 a kan tsarin biyu daga watan Yunin 2023. Duk lokacin da aka yi irin wannan ƙari, ana samun tazara tsakanin ranar da ya fara aiki a takarda da ranar da ya shigo aljihu. Wannan tazarar ita ce ariyas, kuma tana da lissafi.

Ma'aikatan jiha da na ƙaramar hukuma su lura: sakular tarayya ba ta hawa kan jiha kai tsaye. Sai gwamnatin jiha ta amince ta fitar da tata, wani lokaci ma kaso kawai take ɗauka. Saboda haka sakular ofishin shugaban ma'aikata na jiharku, ko ta hukumar kula da asibitoci, ko ta hukumar lafiya matakin farko, ita ce makaminka. Sakataren ƙungiyarku na reshe yakan ajiye kwafinta.

Mataki na uku: tara shaida tun ana zaman lafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka sallame ka, ranar za a cire ka daga zauren WhatsApp na ma'aikata, maigadi kuma ya ce an hana shi barinka shiga. Shaida tun yanzu ake tara ta.

Ka dubi rostar da ke manne a bangon teburin nas-nas. Matiron ta buga ta farkon wata, amma kafin goma ga wata an soke sunaye da jan biro, an rubuta wasu a sama, an ja kibiya daga Talata zuwa Alhamis, wadda aka ba hutu an mayar da ita dare. Ƙarshen wata sai a yage ta a manna sabuwa. Wannan takardar mai dabbare-dabbaren biro ta fi wadda ke cikin kwamfutar ofis faɗin gaskiya. Ka ɗauki hotonta farkon wata, ka sake ɗauka ƙarshen wata kafin a cire. Haka littafin sa hannu na shigowa da fita, ka ɗauki shafin da sunanka yake.

Ka sayi ɗan littafi, ko ka buɗe shafi a waya. Kowace rana layi ɗaya: kwanan wata, lokacin da ya kamata ka tashi, lokacin da ka tashi, dalili, da wanda ya ce ka tsaya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai, domin doka tana magana ne a kan awannin da aka buƙaci ka yi. Mai asibiti zai iya cewa kai ka ga dama ka zauna. Maganin wannan saƙo ne gajere a lokacin da abin ke faruwa: "Sista, mai karɓata ba ta zo ba har yanzu, in ci gaba da riƙe ɗakin?" In ta amsa da "eh, ki riƙe", kin samu umarni a rubuce. Ki ajiye saƙon, kada ki goge, kada ki sayar da wayar ba tare da kin kwashe shi ba. Kotu tana karɓar shaidar waya da kwamfuta ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, lauya zai haɗa ta da takardar tabbatarwa.

Sai takardun kuɗi. Ka je banki ka karɓi bayanin asusunka mai hatimi na duk watannin da ake magana a kai. Ma'aikacin tarayya ya sauke takardar albashinsa ta IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, kowane wata. In a hannu ake biyan ku, ka ɗauki hoton takardar da kuke sa hannu a kai, kuma kada ka taɓa sa hannu a kan adadin da ba shi aka ba ka ba. In an ba ka rabi, ka rubuta adadin da ka karɓa kusa da sa hannunka. Sashe na 75 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya ajiye bayanan albashi na shekara uku, don haka ana iya neman ya fito da nasa a kotu, amma gara naka na hannunka.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa ba: kada ka ɗauki hoton fayil ɗin mara lafiya, ko rajistar da ke da sunaye da cututtuka, don ka nuna kana bakin aiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kare sirrin majinyaci, haka Dokar Kare Bayanai ta 2023. Mai bin bashin wata uku zai iya wayar gari yana kare lasisinsa a gaban hukumar nas-nas da ungozomomi ko ta likitoci. Ban da haka ma, amanar mara lafiya ba abin ciniki ba ce. In ana buƙatar rajistar tiyata ko ta haihuwa, kotu ce za ta umarci asibitin ya kawo.

Mataki na huɗu: yi lissafi, wata-wata

"Suna riƙe min kuɗi da yawa" ba da'awa ba ce. A Kotun Ma'aikata, mai neman albashi ko alawus sai ya nuna abu biyu: takardar da ta ba shi haƙƙin, da yadda ya kai ga adadin da yake nema. Ƙararraki masu gaskiya suna faɗuwa a kan wannan kaɗai.

Ga misali. A ce albashinka naira 104,000 ne, takardarka ta ce awa takwas a rana, kwana shida a mako. Kwanakin aiki 26 ke nan a wata, awa 208. Raba 104,000 gida 208, kowace awa ta kama naira 500. In takardar ta ce obataim ninki ɗaya da rabi ne, awar obataim naira 750 ce. Ka yi ƙarin awa 30 a watan, kana bin naira 22,500. In takardar ta tsayar da awanni amma ta yi shiru a kan farashin ƙarin, ka lissafa da farashin awa na yau da kullum, wato 30 sau 500, naira 15,000. Wannan ya fi sauƙin karewa a kan ka ƙirƙiro ninkin da ba a rubuce yake ko'ina ba.

Ka ja jadawali: wata, abin da ya kamata a biya, abin da aka biya, saura. Ma'aikacin gwamnati ya ajiye sakula a gefe ɗaya, takardar albashi a ɗaya gefen, ya fitar da bambancin a matakinsa.

Ka duba abin da ake cirewa ma. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago bai yarda mai aiki ya ci ma'aikaci tara yadda ya ga dama ba. Cire kuɗin kayan da ya lalace saboda sakaci sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce, kuma jimillar abin da ake cirewa ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan ba. Fansho kuma, a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci na ba da kashi 8, mai aiki kashi 10, kuma dole a zuba su cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Ka nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka. In ana cirewa ba a zubawa, wannan ƙorafi ne na daban da ake kai wa hukumar kula da fansho, PenCom.

Kada ka ƙara ko awa ɗaya da ba ka yi ba. In lauyansu ya kama ƙarya a layi ɗaya, zai shafa wa sauran jadawalin baƙin jini.

Mataki na biyar: nema a cikin gida, a rubuce

Fara da magana, fuska da fuska, da mai asibitin ko akanta. "Ranka ya daɗe, na zo ne a kan albashin Maris da Afrilu da kuma awannin da na ƙara. Ga lissafina, a duba." Wasu masu asibitin ba mugunta ce ta hana su ba, su ma suna jiran kuɗin inshorar lafiya ne da bai shigo ba, kuma za a iya tsara biya kashi-kashi. In an yi haka, a rubuta a sa hannu, da ranaku.

In magana ba ta yi ba, sai wasiƙa. Da Turanci ake rubuta ta tunda shi ne harshen ofis da kotu, amma abin da za ta ƙunsa ke nan: sunanka da muƙaminka da ranar da ka kama aiki, watannin da ake magana a kai, adadin kowanne, takardar da ka dogara da ita, jimilla, da wa'adi, kamar kwana 14. Ka rufe da cewa in ba a biya ba za ka nemi haƙƙinka ta hanyar da doka ta tanada. Ban da zagi, ban da tone-tone, ban da barazanar kai su Facebook. Alƙali zai karanta wannan wasiƙar wata rana.

Ka yi kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayar. In sun ƙi karɓa, ka aika ta kamfanin kai saƙo ka ajiye rasit. Amsar da ta ce "mun sani, za mu biya in kuɗi sun shigo" tana da daraja, domin amincewa ce da bashin. Ma'aikacin gwamnati ya bi ta hannun shugaban sashensa zuwa shugaban asibitin, ya kuma bibiyi teburin albashi, don sau da yawa matsalar kuskure ce a shigar da mataki ko lambar ma'aikaci, ana kuma gyara ta ba tare da shari'a ba.

Kana cikin wannan, kada ka daina zuwa aiki don fushi. Za ka ba su hujjar korarka a kan guje wa aiki, kuma barin mara lafiya ba tare da miƙa shi ga wani ba laifi ne a sana'ar. Ko yajin aikin ƙungiya ma yana da tsadarsa: sashe na 43 na Dokar Rikicin Ƙwadago ya ce ba aiki ba biya, gwamnatin tarayya kuma ta ɗaga wannan sandar a kan likitoci masu neman ƙwarewa a yajin aikinsu na 2021.

Mataki na shida: ƙungiya, ofishin ƙwadago, hukumar ƙorafi

In ku goma ne ake riƙe wa kuɗi, ku tafi tare. Nas-nas da ungozomomi suna da NANNM, sauran ma'aikatan lafiya da dama suna MHWUN, ƙungiyoyin da ba na likitoci ba suna haɗuwa a JOHESU, likitoci kuma suna da NMA, masu neman ƙwarewa a cikinsu suna da NARD. Wasiƙar da ta fito da kan takardar ƙungiya tana da nauyin da ta mutum ɗaya ba ta da shi. In za ka dogara da yarjejeniyar ƙungiya a kotu, ka riƙe shaidar zama ɗan ƙungiya, kamar kuɗin ƙungiyar da ake cirewa a takardar albashinka. Sashe na 9 na Dokar Ƙwadago ya hana korar ma'aikaci saboda shiga ƙungiya.

Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofis a jihohi. Ka kai ƙorafi a rubuce da kwafin takardunka, jami'in ƙwadago zai gayyaci mai asibitin a zauna sulhu. Ƙananan asibitoci da yawa a nan suke biya, don ba sa son maganar ta yi nisa. Akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975. Kyauta take aiki, tana duba hukumomin gwamnati da kamfanoni masu rajista. Sharuɗɗanta: ka fara bin hanyoyin cikin gida, kada maganar ta kasance a gaban kotu, kuma kada ta wuce wata 12 da faruwa. Waɗannan wurare sulhu da matsin lamba suke yi. Hukuncin da za a tilasta, sai kotu.

Mataki na bakwai: wa'adi, sannan kotu

Nan ne "a ƙara haƙuri" ke cinye haƙƙin mutane. Ƙarar da ta shafi kwantiragi tana da wa'adin shekara biyar ko shida, gwargwadon dokar jihar. In gwamnati ko hukumarta za ka kai, akwai Dokar Kare Jami'an Gwamnati mai wa'adin wata uku kacal. Kotun Ƙoli ta taɓa yanke cewa wannan doka ba ta shafi kwantiragin aiki ba, amma an samu wasu hukunce-hukunce daga baya da suka yi amfani da ita. Shawarata, ka ɗauki wata ukun nan da gaske, ka ga lauya kafin su cika. Rubuce-rubucen wasiƙu da zaman sulhu ba sa tsayar da ƙirgen wa'adi. Ka sa lauyan ya duba dokar da ta kafa asibitin ko hukumar, don wasu suna buƙatar a ba su sanarwar niyyar ƙara kafin a shigar, rashin yin haka kuma yana sa a kori ƙarar tun ba a taɓa gundarinta ba.

Tun bayan gyaran tsarin mulki na uku na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke da hurumin shari'ar albashi da alawus da fansho. Ba kotun majistare ba, ba babbar kotun jiha ba, ba kuma ofishin 'yan sanda ba. Tana zama a Abuja, Kano, Kaduna, Jos, Bauchi, Sakkwato, Yola da wasu biranen. Bisa ƙa'idojinta na 2017, ana shigar da komai a lokaci ɗaya: takardar ƙara, bayanin abin da ya faru, jerin shaidu da rantsuwarsu a rubuce, da kwafin duk takardun da za a dogara da su. Wanda ake ƙara yana da kwana 14 ya amsa bayan an kai masa sammaci.

Ka tabbatar da sunan wanda kake ƙara. Sunan da ke allon bakin titi ba lallai ne shi ne na rajista ba. Ka bincika a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC. In kamfani ne mai rajista, shi ake ƙara da cikakken sunansa. In sunan kasuwanci ne kawai, mai shi ake ƙara. In wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne ya kawo ka asibitin, kamar yadda ake yi wa masu shara da masu gadi, lauya yakan haɗa su biyun.

Doka ba ta hana ka tsaya wa kanka ba, amma tsarin takardun yana da sarƙaƙiya. Ku haɗa kuɗin lauya in kuna da yawa, ku kuma rubuta yarjejeniyar kuɗinsa tun farko. Mai ƙaramin ƙarfi ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko reshen ƙungiyar lauyoyi na garinsu. Kotun tana da cibiyar sulhu tun 2015, alƙali na iya tura ku can, kuma abin da aka amince a kai yana zama hukuncin kotu. In an yi maka tayin kaso mai tsoka a hannu yanzu, ka auna shi da tsawon shari'a da yadda darajar naira ke zaizayewa. Ka nemi lauya ya saka buƙatar ƙarin da kotu kan ɗora wa wanda ya yi jinkirin biya bayan hukunci, in kana da ra'ayin karɓarsa.

In za ka bar aikin, da kuma bayan hukunci

Ajiye aiki ba ya goge bashin baya. Ka ba da wa'adin da takardarka ta ce. In ba ta ce komai ba, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu zuwa ƙasa da shekara biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama, kuma a biya duk albashin da ake bi kafin wa'adin ya ƙare. A cikin takardar ajiye aikin ka ambaci adadin da kake bi. Ranar sallama in aka miƙo maka takarda cewa ka karɓi duk haƙƙoƙinka ba ka bin komai, kada ka sa hannu sai lissafin ya yi daidai da naka. Takardun makarantarka da lasisinka na asali kuwa, kada ka taɓa barinsu a ofishin kowa, kwafi ya isa.

Samun hukunci daban, shigar kuɗi daban. In wa'adin da alƙali ya bayar ya wuce ba a biya ba, lauya zai koma kotu ya nemi a riƙe kuɗin asibitin da ke banki a biya ka daga ciki, ko a kama kadararsa. Nan bayanin asusunka zai sake amfani, don yana nuna bankin da albashi ke fitowa. In hukumar gwamnati ce, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci yana neman amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, saboda haka a shigar da wannan buƙatar da wuri, ƙungiya kuma ta ci gaba da bibiyar ofishin akanta janar har sunanka ya shiga jadawalin biya.